Wuhan: Hasumiyar da wuta ta kasa gamawa da ita

A tsakiyar ƙasar Sin, inda kogin Han yake zubawa cikin babban kogin Yangtse, akwai birnin Wuhan. Duniya ta fi saninsa saboda annobar da ta sa aka rufe shi kwana 76 a shekarar 2020. Amma a wajen Shinuwa sunan birnin yana tafiya da wata daɗaɗɗiyar hasumiya da suke kira Huanghelou, wato Hasumiyar Gauraka Mai Ruwan Ɗorawa, wadda take tsaye bisa Tudun Maciji tana kallon kogi.

Asalinta aikin soja ne. A shekarar 223, lokacin da ƙasar ta rabu masarautu uku masu gaba da juna, sarki Sun Quan na masarautar Wu ya sa aka gina ta don masu tsaro su riƙa hango jiragen abokan gaba. Da zaman lafiya ya samu, sai ta koma matattarar fatake, ma'aikatan sarki da masu waƙa. Nan ake yi wa matafiyi rakiya, nan ake bankwana da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki.

Talakawa kuwa suna da nasu labarin. Sun ce wani mai sayar da giya, ana kiransa Xin, ya daɗe yana shayar da wani tsoho mai tsummokara, bai taɓa tambayarsa ko sisi ba. Ranar da tsohon zai tafi, sai ya ɗauki ɓawon lemu ya zana gauraka a bangon shagon. Duk sa'ad da aka tafa hannu, tsuntsun yakan sauko ya yi rawa. Jama'a suka yi ta tururuwa, Xin ya zama attajiri. Bayan shekara 10 tsohon ya dawo, ya busa sarewa, ya hau gaurakan, suka bi gajimare. Don nuna godiya, Xin ya gina hasumiya a wurin. Alheri danƙo ne, in ji masu iya magana.

A ƙarni na 8, zamanin daular Tang, wani mawaƙi mai suna Cui Hao ya tsara waƙa a kan tsuntsun da ya tafi bai dawo ba. Ana ba da labari cewa shahararren mawaƙi Li Bai, da ya iso ya karanta ta, sai ya ajiye alƙalaminsa. Har yau ƴan makaranta a ƙasar Sin suna haddace wannan waƙa.

Ginin katako ne, don haka gobara da yaƙi suka riƙa cinye shi, ana sake tayar da shi. Na ƙarshen zamanin sarakuna, mai hawa uku, an kammala shi a 1868, ya ƙone ƙurmus a 1884. Tulluwar tagulla ta kan rufi kaɗai ta tsira. Shekara ɗari cur wurin ya zauna ba hasumiya. A 1957 aka buɗe kadarkon farko da ya ƙetare Yangtse a Wuhan, hanyarsa kuma ta bi ta kan tsohon filin.

Hukumomin birnin suka fara sabon gini a 1981, suka buɗe shi a 1985, tazarar kamar kilomita 1 daga mazauninsa na asali. Tsawonsa mita 51,4, hawa biyar, yana tsaye kan ginshiƙai 72. Bakin rufinsa yana da kusurwoyi 60 da suka lanƙwashe sama kamar fikafikan tsuntsu mai shirin tashi, an lulluɓe shi da gasasshen yumɓu mai ƙyalli, ruwan ɗorawa. Daga nesa sai a rantse katako ne, alhali kuwa siminti ne da ƙarfe, har da injin hawa da sauka a ciki.

Nan ne gardama take. Ginin da ya canza wuri, ya canza tsawo, ya canza kayan aiki, shin ana iya kiransa kayan tarihi? Masu sukar abin suna ganin sabon gini ne aka ɗora wa tsohon suna don jawo kuɗin baƙi. Mutanen Wuhan kuwa ba su ɗauki katako a matsayin gadonsu ba. Abin da suka gada shi ne sunan, da labarin Xin, da waƙar Cui Hao. Waɗannan ne suka riƙe hasumiyar a zukata tsawon shekaru ɗarin da babu ita, har aka samu hukumar da ta fitar da kuɗin gini. Da iyaye sun daina ba ƴaƴansu labarin, da gobarar 1884 ta zama ƙarshenta.