Sirrin Yatsu Biyu

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, ka taya ni warwarewa. Yarinya ce 'yar shekara huɗu da wata biyu. Ba a taɓa kama hannunta an ɗora a kan fensir ba. Wata bakwai tana zuwa makaranta, ko sau ɗaya ba ta dawo da aikin gida ba, littafi mai layi-layi da na saya mata kuwa yana nan fari fat kamar ranar da ya baro kanti. Sai ga shi wata Asabar da hantsi, uwarta na suyar masa a tsakar gida, yarinya ta zari gawayi a gefen murhu, ta tsuguna a kan siminti, ta zana haruffa huɗu a jere: m, a, s, a. Ta miƙe ta karkaɗe hannu, ta je ta kai kwanonta a zuba mata.

Yarinyar nan autata ce. Na ce mata, "Wa ya koya miki?" Ta ce, "Ba kowa," bakinta cike da masa. To, wa ya koya mata?

Abin da ya sa tambayar ta hana ni sakat shi ne, a makon nan na gama yanke shawarar cire ta daga makarantar. Ɗan maƙwabcinmu sa'anta ne, yana rera A har Z ba gargada, yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari, ya cika littafi biyu da rubutu. Tawa kuwa in ka ce me aka yi yau a makaranta, sai ta ce ta wanke tebur, ko ta zuba shinkafa daga wannan kofi zuwa wancan. Uba ya biya kuɗin zango, ya ji wankin tebur, dole ransa ya sosu. Har na karɓo fom na wata makarantar, yana cikin aljihun rigata a lokacin da nake tsaye a kan haruffan gawayin nan. Na ce ba zan cike shi ba sai na kama mai wannan aiki.

Wanda na fara zargi yayanta ne, ɗan aji uku na firamare. Ya musa. Ban yarda ba, don yara kan ɓoye abin kirki kamar yadda suke ɓoye ɓarna. Sai na gwada su. Na nuna harafin farko na ce ya faɗa, ya ce "em". Na kira ta ita kaɗai na nuna mata, ta rufe leɓe ta ce "mmm". Na nuna na uku, shi ya ce "es", ita ta yi "sss" kamar maciji. Ashe ba ta ma san sunayen haruffan ba, sautinsu kawai ta sani. Ɗalibi ba ya rasa kalmar malaminsa. Yaya ya fita.

Na juya kan uwarta. Ta ajiye cokalin suya ta ce, "Malam, da ni na koya mata ai da tuni na yi maka gori." Maganarta gaskiya ce, ita ma ta fita.

Sai waya. Yaran yanzu suna tsintar abubuwa a bidiyo fiye da yadda muke zato. Na duba waƙoƙin da take kalla, duk manyan baƙaƙe ne suke rawa ana kiran sunansu, ita kuwa ƙanana ta rubuta. Islamiyya fa? Can daga dama ake farawa, kuma ajinsu bai kai ga riƙe allo ba, gajerun surori suke bi da baki. Hajiya, mahaifiyata, ta ce in daina wahalar da kaina, baiwa ce, a yi mata addu'a a kuma rage faɗa saboda baki. Addu'a mun yi. Amma ko baiwar ce, ai ta wata ƙofa ta shigo. Wace ƙofa?

Da daddare uwarta ta tuno wani abu. Ta ce kusan wata uku ke nan yarinyar nan tana wata ɗabi'a: sai ta haɗa yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, ta riƙa shafa bango a hankali tana gunguni. Tana yi a kan tabarma. Uwar ta ɗauka ƙaiƙayi ne, har ta duba yatsun ko ƙazuwa ce, ba ta ga komai ba. Ni kuma na ce ko kwaikwayon latsa waya take yi. Amma mai latsa waya da yatsa ɗaya yake yi, kuma ba ya gunguni.

Sai ta ƙara da na biyu. Wani lokaci yarinyar kan roƙi ruwan ɗumi a ɗan kwano, ta tsoma kan yatsunta, ta goge da tsumma, sannan ta fara shafe-shafen.

Yatsu biyu. Ruwan ɗumi. Gunguni. Saura wuri ɗaya da ban bincika ba, wurin da nake shirin raba ta da shi.

Ranar Litinin na nemi izinin shiga ajinsu. Malamar ta yarda da sharaɗi: in zauna a 'yar kujera can gefe, kada in kira yaro, kada in taimaki kowa, ko da 'yata ce. Na zauna gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin hayaniya. Yara sun haura ashirin, daga 'yan shekara uku har masu shida, duk a ɗaki ɗaya, kuma babu mai tsaye a gaban allo yana cewa a maimaita. Kantoci gajeru ne daidai ƙirjin yaro. Kowa ya je ya ɗauko abin da ransa ya so, ya shimfiɗa 'yar darduma, ya duƙufa, in ya gama ya mayar inda ya ɗauko. Wani yana gina hasumiya da katakai goma masu ruwan hoda, babba a ƙasa, ƙarami kamar ƙwayar masara a sama. Ta rushe, ya sake, ba wanda ya ce masa ya yi kuskure, idonsa ne ya gaya masa. Wata 'yar shekara biyar tana nuna wa ƙaramar yarinya yadda ake saka maɓalli. Malamar tana durƙushe kusa da yaro ɗaya, muryarta ko ni ban ji.

Na nemi tawa da ido. Tana wanke tebur.

Raina ya ɗan ɓaci, amma na ci gaba da kallo. Soso a hannu, tana zagaya kumfa daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, har ta kai ƙarshen teburin. Daga hagu zuwa dama. Na gyara zama.

Ta shanya tsumma. Ta nufi wani kwano a kan kanta. Ta tsoma yatsu. Ta goge.

Ruwan ɗumin ke nan.

Ta jawo wani akwati. Ta zaro falle ɗaya na katako, faɗinsa kamar tafin hannuna. Ta ajiye a tebur. Ta haɗa yatsu biyu.

A jikin katakon akwai harafin "r", kuma da samfefa aka yanka shi, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, aka manna a kan fili mai santsi. Ta ɗora yatsunta a saman harafin, ta gangaro, ta koma sama, ta lanƙwasa, bakinta na cewa "rrr". Ta sake. Ta sake. Na ƙirga har sau tara. In yatsa ya kauce daga hanya sai ya ji santsi maimakon kaushi, ya dawo da kansa. Ruwan ɗumin kuwa don kan yatsun ya yi laushi ne ya fi jin kaushin. Ga gungunin, ga shafar bangon, ga "mmm" da "sss", duk a cikin akwati ɗaya. Wata uku yarinyar nan tana rubutu a gabanmu ba tare da tawada ba, mu kuma muna neman ƙazuwa.

Da aka tashi na tare malamar na ce, "Malama, ashe ke ce." Ta yi murmushi ta ce ita harafi ɗaya-ɗaya take nunawa: ta shafa, ta faɗi sautinsa, ta tura wa yaro, ta janye. Ba ta taɓa haɗa mata kalmar masa ba, ba ta ma san ta rubuta ba sai da na faɗa. Ta ɗauko mini sauran shaidun da kanta. Wasu 'yan katakai masu ƙaramin mariƙi da ake zarowa daga ramukansu da yatsu uku, yatsun da za su riƙe fensir. Wasu faifan ƙarfe masu siffofi da yaro ke zagayawa da fensir mai launi har hannunsa ya daina rawa. Wasan da ake ce wa yaro ya nemo abin da sunansa ya fara da "sss". Zuba shinkafar nan ma aikin wuyan hannu ne da nutsuwa. Kowane aiki an raba shi daban, yaro yana yi don daɗin da yake ji, bai san inda aka dosa da shi ba. Rana ɗaya kunnen da ya iya tsinka kalma zuwa sautuka ya haɗu da hannun da ya haddace siffofinsu. A gidanmu ranar ta faɗo Asabar, ga gawayi kusa, ga ƙamshin masa. Ba kowa, in ji ta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Dabarar ta girmi kakar yarinyar. Wadda ta ƙirƙiro ta, Mariya Montessori, likita ce 'yar Italiya, an haife ta a 1870, ta gama karatun likita a Rum a 1896. A ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a Rum, da yara kusan 50 waɗanda iyayensu ke fita aiki su bar su. Masu gidajen hayar unguwar sun so a tara yaran ne don su daina ɓata bango da matakala. Montessori ta so a sassaƙa mata haruffa masu kyau, kuɗin ya yi yawa, sai aka yanka su da samfefa. Ba a jima ba 'yan shekara huɗu suka ɓarke da rubutu da alli a ƙasa, kafin ma su iya karatu. Italiyanci yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sauƙaƙa musu. Hausar boko ma kusan haka take, shi ya sa 'yata da aka nuna wa haruffa don Turanci ta fara da kalmar gidansu. Wannan gata ne da yaranmu suke da shi, mun bar shi a ƙasa.

Kada wannan labari ya sa ka ruga duk inda ka ga an rubuta Montessori a jikin geti. Sunan ba mallakar kowa ba ne, tun 1967 hukumar rajistar sunayen kasuwanci ta Amurka ta ce na kowa da kowa ne, kuma a garuruwanmu mai fenti kawai ake biya a rubuta. Na shiga wata mai wannan suna na tarar da 'yan shekara uku a jere kan benci suna kwafe daga allo, bulala a kan tebur. Ƙungiyar da ita Montessori ta kafa a 1929, wato AMI, mai hedikwata a Amsterdam, tana horar da malamai, akwai wasu cibiyoyin ma. Ka tambayi inda malamar ajin ta samu horo da tsawon lokacin da ta yi. Binciken da Angeline Lillard da abokiyar aikinta suka buga a mujallar Science a 2006, kan yaran birnin Milwaukee da ƙuri'a ta raba, ya nuna 'yan shekara biyar na irin wannan aji sun fi takwarorinsu shirin karatu da lissafi. Yaran da aka gwada ba su da yawa, kuma makarantar da ke bin tsarin sosai ce. Fenti ba zai ba ka wannan sakamako ba.

Tsarin ma ba baƙo ba ne gare mu ɗungurungum. Wanda ya yi makarantar allo ya san babba da ƙarami a zaure ɗaya, kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke wa yaro allo sai ya riƙe, na gaba yana biya wa na baya. Abin da aka cire a tsarin Montessori shi ne tsoro, aka ƙara wa yaro 'yancin zaɓar aikinsa da lokaci mai tsawo, kusan awa uku ba a katse shi. Yana da nasa nauyi: kayan suna da tsada, malamar da za ta iya kame bakinta ta bar yaro ya gano kuskurensa tana da wuyar samu, kuma uba sai ya daure wa watannin da ba ya ganin komai a littafi.

Fom ɗin nan ban cike shi ba. Abu ɗaya na tarar babu a akwatin malamar: ƙ, ɗ da ɓ. Na sayi samfefa a wajen kafintan layinmu, na yanka su uku na manna a kwali, auta ta kai mata ranar Laraba. Kai kuma da kake neman inda za ka sa naka, kafin ka biya ko sisi ka roƙi a ba ka kujera a cikin ajin, ka zauna awa ɗaya, ka zuba wa hannuwan yaran ido. In sun hana ka shiga, ka nemi wata.