Daga katin salula zuwa kamfanin faifai

Duk mai zama kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri ya san rumfar samarin nan masu zuba waƙoƙi cikin katin salula. Wasu na yi wa sana'ar kallon zaman banza, alhali kuwa ta wannan hanya ce aka gano ɗaya daga cikin mawaƙan Nijar da suka fi suna a duniya, wato Mdou Moctar, Buzu ɗan jahar Tawa.

A shekarar 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fim. Ba kamfani, ba talla. Waƙoƙin suka yi ta bin hannu daga salula zuwa salula har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da su. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya sami mai muryar. A 2011 ya sa waƙarsa guda cikin wani faifai na waƙoƙin da ya tsinto a salula.

Gano mawaƙi daban, renonsa daban. Kirkley ya zo Nijar da kansa, ya kawo masa gita irin ta bahago, suka yi sabon faifai a 2013, sannan fim a Agadas da ya fito a 2015, aka buɗe masa hanyar wasa a Turai da Amurka. Da kasuwa ta buɗe, sai babban kamfani, Matador na birnin New York, ya ɗauke shi, ya fitar da faifansa a 2021.

To amma 'yan kasuwa, ku kun fi kowa sanin cewa uban gida ba ya ba da jari don Allah. Kuɗin da babban kamfani ke miƙa wa mawaƙi tun farko bashi ne, daga cikin rabonsa na ciniki ake cire su kafin ya ga ko dala, kuma sau da yawa faifan ya zama mallakar kamfani. Shi Sahel Sounds an san shi da raba riba biyu daidai da mawaƙi. Don haka uwar da ɗanta ya zo mata da takardar yarjejeniya, kada ta bari ya sa hannu sai an karanta masa, kuma ya fara rajistar waƙoƙinsa a ofishin BNDA mai kare haƙƙin mawaƙa a Yamai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na nan gida Arewa. Muna da masu goge da gurmi da zabiyoyi, amma waƙa za ta iso gidan rediyo ba sunan mai ita, balle lambarsa. Akwai wani kiɗin goge da na samu cikin katin wani direba, mata na ta bugo waya in sake sa musu shi. Na tambaya a tasha, na tambayi masu rumfa, har yau ban san ko wane ne ba.