HUTUN ASABAR DA LAHADI A BAKIN KOGIN GONGOLA

Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin Bauchi ya san abin da ake sha daga tsakiyar watan Maris zuwa farkon watan Mayu. Rana tana fitowa da ƙarfinta tun hantsi, rufin kwano ya ɗauki zafi har bayan isha'i bai huce ba, idan kuwa aka ɗauke wuta sai mai gida da iyalinsa su kwashe tabarmi su koma tsakar gida. A irin wannan lokaci ne ma'aikaci yake jiran ranar Asabar kamar yadda mai azumi yake jiran magariba. To, amma idan Asabar ɗin ta zo, me yake yi da ita? Galibi ba ya wuce gindin bishiyar ƙofar gida, yana fifita da kwali yana zagin zafi, alhali kuwa ga kogi can gabas da shi, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba a mota.

Hanyar tana farawa ne daga Inkil, a bakin gari ta kan titin Gwambe. Yawancin masu wucewa ba su ɗauke ta a bakin kome ba, sun san ta dai unguwa ce da birni ya miƙo hannu ya kamo. Amma a tarihin masarauta Inkil ta girmi fadar Bauchi. A nan ne Malam Yakubu, mutumin Gerawa wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya yi zamansa da jama'arsa kafin ya tashi ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa. Watau uwa ce ta koma goyon 'yarta. Ya kamata mai tafiya ya rage gudu a nan ko da na ɗan lokaci ne, ya nuna wa yaransa wurin, domin ba lalle ne su ji wannan a makaranta ba.

Daga Inkil sai a miƙa, a wuce Kangere, duwatsu suna bin mutum dama da hagu, gonaki duk an share ana jiran ruwan shuka. Can sai hanya ta gangara, iska ta sake, ga gadar Dindima, ga Kogin Gongola a ƙarƙashinta.

Kada mai karatu ya zaci zai tarad da ruwa bakin ganga. Gongola kogi ne mai fuska biyu. A watan Agusta yakan cika ya batse, jajawur, yana tafe da itatuwa, wani lokaci har ya haura ya cinye gonakin da ke gefensa. Da bazara kuwa sai ya lafa, ya bar yashi fari fat mai faɗi, ruwa yana ratsawa ta tsakiya a hankali, wani wurin iyakar gwiwa, wani wurin gurbi mai zurfi. Wannan fuska ta biyu ita ce ta mai neman hutu.

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar nan ya yi tafiya, kuma da sauran tafiya a gabansa. Daga tsaunukan Jos ya gangaro, zai nufi arewa maso gabas har Nafada, sa'an nan ya karya kwana ya yi kudu. A hanya zai wuce kusa da Gwambe Abba, tsohon garin Buba Yero, ya wuce yankin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila a 1903, ya shiga madatsar ruwa ta Daɗin Kowa, ya shiga ta Kiri wadda aka gina domin gonakin rake na Numan, daga nan ya zuba cikin Binuwai a Numan ɗin. Har jiha guda aka taɓa raɗa wa sunansa, Jihar Gongola, daga 1976 zuwa 1991, kafin a raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba. Jihar ta tafi, kogin yana nan.

Wanda yake so ya ga Dindima da gaske sai ya yi sammako, ya isa kafin rana ta ɗaga. Da sassafe ne masunta suke duba abin da dare ya kawo musu. Wani yana janye mamari, watau doguwar igiya mai ƙugiyoyi barkatai, wani yana ɗaga gura, wani kuma yana tsaye cikin ruwa da birgi a kafaɗa, ya juya jiki ya watsa shi ya buɗe kamar faifai ya faɗa kan ruwa. Kallon jifan birgi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Abin da ake samu shi ne tarwaɗa da karfasa da kurungu, ran sa'a kuma a ci karo da ragon ruwa. Mai saye ya yi ciniki a bakin ruwa, ba a bakin titi ba, don kifin da ya hau titi ya riga ya ƙara kuɗi.

Daga gefen yashin kuma ga fadama kore shar, a lokacin da duk ƙasar ta zama ruwan toka. Masu noman rani ne da albasa da tumatir da tattasai da masara. Kakanninsu da jigo suka yi ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, su kuwa yanzu ƙaramin inji ne yake ta ƙugi daga safe zuwa yamma, shi ya sa duk ran da man fetur ya tashi, farashin kayan miya a Kasuwar Wunti da Muda Lawal yake bin sa. Wajen azahar sai ga Fulani sun gangaro da garke. Shanu su shiga ruwa su tsaya kamar ba za su fita ba, matan kuwa su sauke ƙwarya a inuwa. Furar da aka dama a gindin bishiya a bakin kogi, bayan mutum ya sha rana, ba ta da na biyu.

Sai dai akwai abin da za a yi hattara da shi, musamman mai zuwa da yara. Ruwan da ya kwanta wuri ɗaya, mai ciyawa da dodon koɗi, shi ne gidan tsargiya, cutar nan da ke sa yaro fitsarin jini. Kada a bar yara su yi iyo a irinsa. Kada kuma a raina gurbi don an ga gefensa ba zurfi, a tambayi masunta inda ake shiga da inda ba a shiga. Su ne suka san kogin, kuma ba su rowar bayani ga wanda ya yi musu sallama.

Dindima ba garin manyan masaukai ba ne, amma a nan ne hanyar Yankari ta rabu da titin Gwambe ta yi kudu. Kimanin kilomita 29 ne zuwa ƙofar shiga a Mainamaji, daga nan kuma a ƙara fiye da kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya komo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Bazara ita ce lokacin ganin namun dawa, gama ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, kowace dabba dole ta gangaro Kogin Gaji ta sha ruwa: ɓauna da gwanki da mazo da gwambaza, in an taki sa'a har da giwa. Giwayen Yankari suna cikin 'yan garkunan da suka rage a Nijeriya duka. Mafarautan haure sun rage su ƙwarai a shekarun baya, manoman ƙauyukan gefen dajin kuma suna da nasu kukan, domin garken giwa yana iya share gonar shekara guda a dare ɗaya. Maɓuɓɓugar Wikki kuwa ruwanta garai-garai ne, ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. A dai rufe ɗaki da mota da kyau, don gwaggon birin Wikki ya fi ɓarawon kasuwa ƙwarewa wajen fizge leda.

A 'yan shekarun nan an sha jin labarin 'yan bindiga a wasu dazuzzukan Alkaleri, sabo da haka a tambayi halin da hanya take ciki kafin a tashi, kuma kada a yi tafiyar dare.

Abin da ke damun mai lura shi ne yadda Dindima take kallon arziki yana wuce ta. Motocin Yankari su wuce, motocin Gwambe da Yola su wuce, mutum ya miƙo hannu ta taga ya sayi abin da zai saya, direba ya taka. A ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Hannibal a bakin Kogin Misisifi, mutanensa ba su kai 20,000 ba, amma domin a nan marubuci Mark Twain ya tashi, sai suka gyara bakin koginsu, baƙi suna zuwa suna kwana suna kashe kuɗi. Ba ma sai an je nesa ba, Argungu ta mai da su ya zama biki tun 1934, har duniya ta san ta da shi. Dindima ba ta bukatar bene. Rumfuna masu tsabta a bakin ruwa, da makewayi, da wurin alwala da salla, da matakala mai sauka daga titi zuwa yashi, sun isa su tsai da matafiyi sa'a biyu maimakon minti biyar. Wannan aiki ne da bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Kafin a kai ga haka kuwa sai kogin ya rayu. A kogunan Arewa da dama an ga yadda zuba guba da su da gidan sauro suke kashe kifi har da 'ya'yansa, da yadda sare bishiyoyin ganga yake sa ƙasa ta zube ta cike gurabu. Birni mai girma kamar Bauchi kuma ba ya ƙoshi da yashin gini, kowane bulo da aka buga a sababbin unguwanni daga wani rafi aka ɗebo shi. Sarakunan ruwa na da suna da ikon hana su a wani gurbi har sai kifi ya girma, kuma ana jin maganarsu. Da hukuma za ta tsaya bayansu, da sun fi kowane ma'aikaci mai zuwa daga ofis sau ɗaya a wata iya tsaron ruwan.

Mai niyyar zuwa kada ya yi ta jinkiri. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a kan tsaunukan Jos, ko da ɗigo bai sauka a Bauchi ba, ruwan Gongola zai fara sake launi, cikin 'yan makonni yashin nan ya nutse, masu albasa su kwashe injinansu su hau tudu.