Wasan Mulkin Ƙasashe da Taswirar Ruma



Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca suka ce a ransu, duk matsalolin da suka dami ƙasar nan, a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai wasa? Ina roƙonsu su yi mini haƙuri kaɗan. Wasan da nake nufi shi ne wanda mutane kan taru, kowa ya ɗauki matsayin sarkin wata ƙasa, su yi ta ƙulla zumunci suna warwarewa, su yi sulhu, su yi yaƙi, duk a kan takarda. Nufina in bayyana yadda ake yin sa, sa'an nan mu aza shi bisa ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana, mu ga abin da zai koya mana da kuma inda zai gaza.

Kwaikwayon mulki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙali da 'yan doka, a kawo ƙara, a yanke tara, jama'a na kallo suna dariya. A Damagaram kuma akwai wasan kara, inda ake kwaikwayon masu mulki da kayan sarauta na karan gero. Amma fa waɗannan duka mulkin cikin gida suke kwaikwaya. Sarkin kalankuwa ba shi da maƙwabcin da zai ji tsoro, ba shi da iyakar da zai tsare.

Wannan ɓangare Turawa ne suka mai da shi wasa mai ƙa'ida. A shekarar 1824 wani hafsan sojan Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa shugabannin rundunarsu wasan yaƙi a kan taswira, da alƙali mai yanke abin da ya faru, kuma bayan Furusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1871 sojojin wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Wanda ya fi dacewa da zancenmu kuwa shi ne Diplomacy, wanda wani Ba'amurke, Allan Calhamer, ya fitar a 1959. Mutum bakwai ke yin sa, kowa da ƙasarsa cikin manyan ƙasashen Turai na shekarar 1901: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. A taswirar akwai cibiyoyi 34, wanda ya kame 18 ya ci. Babu ƙuri'a, babu sa'a, kuma kowace runduna ƙarfinta ɗaya da ta kowa. Saboda haka ba ka iya ture runduna daga wurinta sai wata ta dafa maka, kuma a farkon wasa rundunoninka ba su da yawan da za su wadace ka. Tilas ka nemi aboki. Sai a ba da lokaci 'yan wasa su keɓe biyu-biyu su yi shawara, kowa ya rubuta umurninsa a asirce, a buɗe takardun gaba ɗaya. Dokar wasan ba ta tilasta wa kowa cika alkawari ba. A lokacin buɗe takardu ne za ka san ko wanda ya rantse maka ɗazu yana tare da kai. A zamanin intanet kuma abin ya faɗaɗa, har mutane daga ƙasashe dabam-dabam sukan haɗu su ƙagi dauloli, kowa yana rubuta wasiƙu da muryar sarkinsa, alƙalin wasa yana yanke sakamakon yaƙi.

To, mu naɗe taswirar Turai, mu shimfiɗa tamu ta ƙarni na 19. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi ƙarƙashin Ɗankasawa. Gobirawa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗin. Ga Sakkwato a yamma, ga garuruwan Zamfara a tsakani, ga Kano a kudu maso gabas, ga Damagaram can arewa maso gabas. Ƙasashe bakwai ke nan in an haɗa da Katsina, kamar an auna. Ruma kuwa tana bakin iyakar yamma, gefen dajin Rugu, a yankin da mahara ke ratsawa, musamman zamanin Ɗanbaskore na Maraɗi. Lokacin da Barth ya tashi daga Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi a 1853, ta Kurfi da Zakka ya bi, cikin ayari, kowa na fargabar dajin da ke gabansu kafin Zurmi. Irin wannan zama ne ya haifar da barade kamar Ɗanwaire, wanda sunansa ke bakin mutanen Ruma har yau.

Mu ɗauka an zaunar da ɗalibai bakwai a kan wannan taswira. Wanda aka ba Katsina zai gane cikin ɗan lokaci cewa rundunarsa ba ta isa ta tsare Ruma da birni a lokaci guda, kuma gudummawar Kano tana zuwa ne in Kano ta ga amfaninta. Mai riƙe da Maraɗi zai ga cewa ba ya bukatar cin Katsina, hari ya ishe shi. Mai Zamfara, da ke tsakanin manya, zai koyi yi wa kowa fara'a. Abin da malamin tarihi zai yi zango guda yana faɗa, ɗalibi zai ji shi a jikinsa da yamma ɗaya: alkawarin da babu mai tilasta cika shi yana rayuwa ne muddin kowane ɓangare ya fi samun riba a cikawa bisa ga saɓawa. Kuma wanda ya ci amana sau ɗaya, sauran shida sun gani.

Ma'aikatan da ke wurin nan sun san wannan ba tatsuniya ba ce. A 2019 gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta yi zaman sulhu da 'yan bindigar wannan daji. A watan Fabrairu na 1920 da ɗari, watau 2020, aka kai hari Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum kusan 30, kuma a cikin shekarar gwamnan da kansa ya ce an saɓa yarjejeniyar. Ban kwatanta ɓarayin shanu da sarakunan Maraɗi ba, ko kusa. Tambayoyin da ɗan wasa ke yi kafin ya yarda da aboki su ne nake nufi: wa ke magana da yawun wa, me zai rasa in ya saɓa, wa kuma zai gani in ya saɓa?

Sai dai wasan yana da babban aibi, kuma a Ruma ne aibin ya fi fitowa fili. A taswirar Calhamer gari ɗigo ne kawai. In ka sadaukar da shi don ka tsira da wani, ba ka jin kukan kowa, ba rumbun da ya ƙone. Wanda ya saba da kallon ƙasa haka, in ya zama babban sakatare, zai iya duban Batsari daga Katsina kamar yadda ɗan wasa ke duban ɗigo. Shi ya sa in za a kawo wasan nan ajinmu, ina ba da shawara a ƙara kujera ta takwas, a ba wani ɗalibi mutanen Ruma. Ba shi da runduna ko ɗaya. Abin da ke hannunsa shi ne hatsi da haraji da labarin daji, kuma a ƙarshen kowace shekara ta wasa shi zai rubuta a asirce wanda zai ba su, ko kuwa ya rubuta cewa ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura. Duk sarkin da garin iyakarsa ya watse, alƙali ya cire masa runduna ɗaya kafin a shiga shekara ta gaba.

 Ina sauraron tambayoyi.