Sankarar Jinin Shanu: Ciwon da Ke Cin Garke a Ɓoye

Makiyayi kan gane sammore ko ciwon huhu da wuri, domin saniya tana nunawa. Sankarar jinin shanu ba ta haka. Ƙwayar cutar da ke jawo ta, wadda likitocin dabbobi ke kira BLV, takan shige fararen ƙwayoyin jini ta zauna har mutuwar dabbar. Yawancin shanun da suka kamu suna kiwonsu, suna haihuwa, ana tatsarsu, babu alamar komai. Waɗanda ciwon kan fito wa fili ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma galibi sai sun haura shekara 4. A nan ne ake ganin kaluluwa ta kumbura a wuya ko gaban kafaɗa, ido ya turo waje, nono ya ja baya, saniya ta rame, wata ma ƙafafun bayanta su shanye. Cutar ba ta da magani, ba kuma a sayar da allurar rigakafinta a kasuwa.

Tun da ido ba ya kama ta, waɗanda suka san tafiyarta su ne masu gwajin jini ko madara shekara bayan shekara, suna rubutawa. A Amurka, wajen shekarun 1970, kimanin kashi 10 cikin 100 na shanun madara ne ke ɗauke da ita. Yau sun wuce kashi 40. Binciken gwamnatin ƙasar na 2007 ya same ta a fiye da kashi 80 cikin 100 na gonakin madara. Jafan ta wajabta kai rahoton cutar a 1998, lokacin shanun da aka samu da ciwon ba su wuce 100 ba. Zuwa 2019 sun haura 4,000 a shekara guda. Ga likitoci, ga kuɗi, amma an bar jaki ana dukan taiki.

Danmak kuwa ta fara yaƙarta tun 1959: a gwada, a ware, a yanka. Ta rabu da ita. Birtaniya ma rabonta da ganin cutar tun 1996.

Hanyar yaɗuwarta jini ce, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Allura ɗaya da za a bi garke duka da ita, wuƙar fiɗiya ko ta tsaga kunne, abin yanke ƙaho, safar hannun da ake duba ciki da ita daga wannan saniya zuwa waccan, duk ƙofofi ne. Ƙudaje masu cizo irin su bobuwa suna taimakawa, maraƙi ma na iya ɗauka a ciki ko a nono. Amma a ganina hannun mutum ya fi ƙuda ɓarna, kuma allurar nan ta haɗaka ita ce abin tsoro a wurinmu, inda mai shanu kan sayo magani a kasuwa ya yi wa dabbobinsa da kansa.

Masu gonakin madara da ke shigo da shanun Turawa ko ruwa-biyu su fi kowa buɗe ido. Kada a sayi karsana sai da shaidar gwaji, kuma a keɓe ta a sake gwadawa bayan wata biyu ko uku, domin sabon kamu ba ya fita nan take. Ba a tabbatar cewa cutar tana jawo wa mutane ciwo ba, kuma tafasa madara yana kashe ƙwayar.

Mai garke, ka sa wa kowace saniya lamba, ka buɗe littafi, ka kira likitan dabbobi ya riƙa ɗibar jini duk shekara. Wadda ta kamu a ware ta, kuma kowace dabba a yi mata da sabuwar allura.