Ku Daina Fasa Tsofaffin Na'urori Don Neman Jan Makuri

Na gaji da jin labarin nan. Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, har can Doguwa, sai ka ji ana raɗe-raɗin wai akwai wani jan ruwa a cikin tsohuwar talabijin mai doro, ko rediyo, ko na'urar gem ta da, wanda ɗigonsa kaɗai zai saya wa mutum gida a Kano. Sai yaro ya ɗauko guduma ya rotse abin da mahaifinsa ya adana shekara 30.

Jama'a, babu wani abu wai shi jan makuri. Makuri na gaskiya, wato zaiba, ruwa ce mai launin azurfa, guba ce, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ƙaryar jar ta yi tashe ne lokacin rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, inda 'yan damfara suka riƙa tallata ta a matsayin sinadarin bam. A 2009 ta ɓulla a Saudiyya, aka ce tana cikin keken ɗinki na Singer, mutane suka yi ta sayen tsofaffin kekuna da dubban riyal. Har gwaji aka ƙirƙiro: wai ka kara waya kusa da allura, in sabis ya ɗauke to akwai. A ƙauyukanmu da sabis ke ɗaukewa ko ba a kara komai ba, ashe duk attajirai ne mu! Ka tambayi mai ba ka labarin: wa ya taɓa sayarwa ya karɓi kuɗi a hannu? Kullum amsar ita ce wani ne ya ji daga wani. Kuma wane kamfani ne zai zuba abin miliyoyi a na'urar da ya sayar da araha?

Abin takaicin shi ne, darajar tana jikin abin da ake fasawa. A Amurka da Japan akwai masu farautar akwatunan gem na tsaye, irin waɗanda ake jefa wa kwabo: Space Invaders na 1978, Pac-Man na 1980, Street Fighter II na 1991. Suna gyara su, kuma abin da ya fi ba su wuya shi ne gilashin allon, domin an daina ƙera irinsa. Wanda aka fasa ya tafi ke nan.

Talauci ma na da hannu a fasa na'urorin nan, ban musa ba.

To me za ka yi da tsohuwar na'urar da ke ɗakinka? Kada ka buɗe bayanta. Talabijin mai doro tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket, gilashinta kuma in ya fashe tarwatsewa yake yi. A cikin gilashin akwai dalma, ita ce gubar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010. Kada ka ƙona wayoyi don cire jan ƙarfe, balle a tsakar gida inda ake girki. Cire tsofaffin batura, domin ruwansu kan cinye allon ciki. Ɗaga ta daga ƙasa saboda danshin damina da gara, ka rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu, ka toshe kafar ɓera. In ta daɗe a ajiye, kada ka jona ta kai tsaye da janareta. Kai wa mai gyaran rediyo ya duba. Sau da yawa 'yan ƙananan kafasito ne suka bushe, canza su kuma ba tsada. In ka ga dole sai ka rabu da ita, sayar da ita ɗungurungum ga mai gyara, ya fi abin da ɗan gwangwan zai auna maka a sikeli.

Iyaye da malamai, ku ja kunnen yara. Duk wanda ya zo ƙofar gidanku da zancen jan makuri, ku sallame shi tun daga zaure.