Kokowa a jahar Maraɗi: tsohon gwani da mai takarda, wa zai riƙe samari?

Kamar yadda kowa ya sani, kokowa ita ce uwar wasanni a Jamhuriyar Nijar, kuma jahar Maraɗi ba baƙuwa ba ce a cikinta. A shekara ta 1975, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta tara ƴan kokowa na jahohin ƙasa karo na farko a birnin Tawa, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, ya zama zakara. Babban filin kokowa na birnin Maraɗi sunansa aka sa masa. A bayansa Labo Maikafo da Umaru Bindigau su ma sun ɗaukaka sunan jahar. Irin waɗannan gwanaye a dandalin gari suke tasowa, cikin rairayi, a hannun waɗanda suka riga su. Amma tun da kokowa ta shiga hannun hukuma, ta sami dokoki rubutattu da alƙalai da kasafin kuɗi, sai wata tambaya ta taso wadda kakanni ba su san ta ba: wane ne ya isa a kira shi mai horo, kuma mece ce shaidarsa?

A Tibiri ta Gobir, da Jiratawa, da sauran garuruwan bakin Gulbi, koyon kokowa yana da tsari, ko da yake ba wanda ya rubuta shi. In kaka ta yi, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, yara sukan fita dandali da farin wata suna kama juna, manya kuwa suna gefe suna kallo kamar ba ruwansu. Nan ne tsohon ɗan kokowa yake gane yaron da ƙafarsa ta zauna a ƙasa, da wanda in an kayar da shi yakan tashi ya kakkaɓe jiki ya nemi a sake. Irin wannan yaro shi ake ja a jiki. Zai zama mai ɗaukar jakar ubangidansa, mai riƙe masa goran ruwa, mai bin sa gari gari duk inda aka buga gangar kokowa. Yana iya yin shekaru a haka kafin a bar shi ya shiga fili da sunan gidan.

Koyarwar ba ta da yawan magana. Ubangida ba ya tsayawa yana bayani. Kama yaron yake yi ya kai shi ƙasa, ya ɗaga shi, ya sake kai shi ƙasa ta hanya ɗaya, har jikin yaron ya gane inda ƙofar take ya toshe ta. Ta haka ake koyon taɗiya, da kwasar ƙafa, da kamun ƙugu, da yadda ake sulluɓewa in an shiga hannun wanda ya fi ƙarfi, da dalilin da ya sa ake ɗibar ƙasa a shafa a hannu in gumi ya sa jiki santsi. Ƙarfi kuwa ba a nemansa dabam, gona ce ke bayar da shi: huɗa, da noma, da ɗaukar dami, da jan guga a rijiya mai zurfi. Abin da ya fi duka daraja a wurin tsoho shi ne ido. Yana duban yadda abokin karawa ya dasa ƙafa, da yadda numfashinsa ke hawa, ya san ko mai gaggawa ne ko mai haƙuri, ya gaya wa yaronsa da kalma biyu lokacin da zai shiga. Wannan sani ba ya cikin littafi ko ɗaya. Shaidarsa kuwa a bakin jama'a take, da kirarin makaɗa, da yawan yaran da suka fito daga hannunsa suka yi suna.

Sai dai wannan hanya tana da ramukanta, kuma ɓoye su ba zai amfani kowa ba. Tsoho yakan riƙe wata dabara ya hana almajirinsa, don gudun kada wata rana a kayar da shi da abinsa, har ya koma ga Allah da ita. Akan haɗa yaro ɗanye da ƙato don a gwada zuciyarsa, a tashi da gocewar kafaɗa ko ciwon gwiwa da zai bi shi har tsufa. In an ji ciwo sai a nufi maɗori, a koma fili tun ƙashi bai kama ba. Ga kuma layu da guraye da rubutun sha, waɗanda al'ada ce ta fili ba mai raba ɗan kokowa da su, amma sau da yawa suna cinye kuɗin da ya kamata a sayi nama da madara.

Ɗaya ɓangaren shi ne na masu takarda. A Yamai akwai babbar makarantar matasa da wasanni, INJS, wadda ke fitar da malaman motsa jiki da ake aikawa kwalejoji da ofisoshin wasanni na jahohi. Su da agogo da usur suke aiki. Sun san a ɗumama jiki kafin kamu, sun san auna gudu da hutu, da abincin da ya dace da mai aikin ƙarfi, da abin da za a yi wa wanda ya faɗi a kan wuya kafin likita ya iso. Sun kuma san doka, abin da ya zama wajibi a yau, domin kokowar takobin ƙasa ba irin ta dandali ba ce: ana ƙayyade lokaci, alƙali yana ba da gargaɗi ga mai gudun kamu, kuma mutum yana iya rasa karawa ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba. In an fita waje abin ya ƙara canzawa. A gasar takobi ba a auna nauyi, siriri yana iya haɗuwa da ƙato. Amma a gasar kokowa ta ƙasashen Afirka ta Yamma an raba ƴan wasa aji aji bisa kilo, tun daga 66 har 120. Haka kuma a watan Disamba na 2005, da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, kokowar Afirka tana cikin abin da aka yi. Wanda zai kai yara irin waɗannan wurare dole ya san sikeli da takardun shiga.

Rauninsu shi ne rairayi. Malamin da bai taɓa ɗaura walki ya tsaya gaban dubban mutane ana kiɗa ana kirari ba, da wuya ƙaton da ya kayar da mutum ɗari ya saurare shi a kan kamun ƙafa. Zai yi masa ladabi, ya yi gudun da aka ce ya yi, amma daren karawa wurin tsohonsa zai koma.

Abin da ake ja a kai ba ƙarami ba ne. Kowace jaha cikin takwas ƴan kokowa goma take aikawa gasar takobi, watau mutum 80 ke nan, kuma wanda ya yi nasara yana komawa gida da takobi da doki da miliyoyin kuɗi. Kadiri Abdu, da ake kira Isaka Isaka, na jahar Doso, ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, kuma duk jahar da ta ga haka tana tambayar kanta abin da ya rage mata. Goman da Maraɗi za ta aika ana tace su ne daga ƙauyuka zuwa gundumomi zuwa jaha, sa'an nan a tara su wuri ɗaya a yi musu horo kafin tafiya. Amma wannan taro na ɗan lokaci ne. Aikin shekara duka a gari ake yin sa, a hannun mutanen da ba su cikin rajistar kowa. Ofis kuwa da takarda yake aiki: ita ke buɗe ƙofar albashi, da kujerar mota, da damar zuwa ƙarin karatu. Saboda haka mai sani yana iya zama a bayan fili, mai shaida yana gaba, alhali kowannensu rabin abin da yaro ke bukata yake riƙe da shi.

Wannan gardama ba a Nijar ta fara ba. A arewacin Ingila, a yankin Lankasha, ma'aikatan haƙar gawayi da na masaƙu suna da tasu kokowar tun ƙarni na 19, wadda ake kira kac, ma'ana kama duk inda ka samu. Kada a haɗa ta da wasan nan na talabijin mai wannan suna a Faransanci, wanda ake shirya ƙarshensa tun kafin a fara. Ta asali kokowa ce ta gaske, sai dai ba ta ƙarewa da kaye kamar ta Hausa, ana ci gaba a ƙasa har a danne kafaɗun mutum ko a murɗe masa gaɓa ya sallama. An yi ta a wasannin Olimpik na 1904 a Amurka, kuma daga gare ta kokowar zamani ta Olimpik ta samo tushe. A garin Wigan wani gwani mai suna Bili Raili ya kafa gidan horo a wata ƴar rumfa bayan yaƙin duniya na biyu, wurin da saboda tsananinsa aka sa masa suna Ramin Macizai. Koyarwarsa kamar ta tsofaffin Gobir ce: a kayar da sabon zuwa har ya gaji, in ya dawo gobe a fara nuna masa. Ba ɗamara mai launi irin ta judo, wadda Jigoro Kano na Japan ya kafa a 1882 ya tsara mata matakai, ba kuma takarda. Daga wannan rumfa Kal Goc da Bili Robinsan suka fito, suka kai sanin Japan, inda almajirin Robinsan, Kazushi Sakuraba, ya yi suna a duniya.

Raili ya rasu a 1977, kuma da tsofaffi suka yi ta ƙarewa sai kokowar ta kusa ɓacewa a garin da ya raine ta. Almajirinsa Roy Wud ne ya riƙe gidan. Da sha'awarta ta farfaɗo, sai masu da'awar koyarwa suka yawaita, kowa yana cewa daga wurin wane ya karɓa, ba kuwa hukuma guda da za ta tantance. Ƙungiyoyi dabam dabam a Ingila da Amurka suka shiga ba da takardun shaida; Robinsan kansa ya sa hannu a irin wannan tsari kafin rasuwarsa a 2014. Har yanzu masu wannan kokowa suna jayayya a kan takardar da aka samu bayan horon kwanaki kaɗan, ko ta kai shekarun da ake yi a hannun gwani. Sun fara rubutu ne bayan yawancin masu sanin sun tafi.

Maraɗi ba ta kai nan ba tukuna, don tsofaffinta suna da rai, kuma akwai hukumar kokowa ta ƙasa wadda kowa ya san da ita. Abin da ya dace shi ne takardar shaida da za a ci jarrabawarta a kan rairayi, da harshen Hausa, da baki da kuma jiki. Tsohon ɗan kokowa ya nuna kamun da ya sani, ya faɗi wanda ya koya masa da yaran da ya fitar, sa'an nan a ba shi makonni na koyon doka, da taimakon farko ga wanda ya ji ciwo, da yadda ake haɗa yara daidai shekarunsu da nauyinsu. Malamin da ya fito makaranta shi kuma kada a damƙa masa ƴan kokowa sai ya yi kaka ɗaya ko biyu yana bin wani gwani. Hukumar kokowa ta duniya tana da matakai na horon masu horo, ana iya jingina wannan shaida da matakin farko nata don ta yi amfani a waje.

Waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci sun fi kowa sanin wannan magana, domin da furfurarsu suka zauna suka koyi baƙi, kuma sun ga yadda takarda ke sa a saurari mutum a ofis ba tare da ta ƙara masa sanin gona ba. Akwai aikin da ya dace da su a nan. Kowannensu yana iya zama da tsohon ɗan kokowa na garinsu da littafi da alƙalami, ya rubuta sunayen kamu, da yadda ake shiga kowane, da yadda ake warware shi, da jerin waɗanda suka koyar tun daga kakanni. Jahar tana da gundumomi takwas ban da birnin Maraɗi: Agye, Barmo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarumfa, Mayahi da Tasawa. Tibiri tana cikin Gidan Rumji, Jiratawa tana cikin Madarumfa, dukansu kuwa kusa suke da birni, ana iya farawa da su tun kakar bana kafin a aika littattafan ofishin wasanni na jaha.